Wa Ya Sha Nonon Inna?

Shekarun baya, ba su kai goma ba amma a zuciyata kamar an yi ashirin, 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu da ke bayan Gidan Goga. Ba zan tsaya kan wannan ba, kowa a nan yana da nasa labarin, na wasu ma ya fi namu muni. Abin da zan ce kawai, mutanen da suka tashi suna shan ruwan rijiya ɗaya, cikin mako guda suka watse. Wasu Maradun, wasu Bakura, wasu har Sakkwato. Mahaifina da ƙanwata da kakata suka faɗo gidana a Talata Mafara, inda nake aure. Mahaifiyata, Innarmu, Allah Ya ji ƙanta, ta riga ta rasu tun kafin wannan masifa.

Kakata ita ce ungozomar ƙauyen. Kuma a ƙauyenmu, in uwa ta kwanta ciwo ko nononta ya ƙi zuwa, maƙwabciya ke ɗaukar jaririn ta ba shi nata, ba wani dogon zance. To kun san hukuncin: wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure har abada. Shi ya sa kafin a sa ranar kowane aure, sai an aika wa Kaka goro a tambaye ta, “Akwai nono?” Ta rufe ido, ta ɗan motsa baki, ta ce akwai ko babu. Ba littafi, ba takarda. Duk a kanta yake.

Wata rana bayan la'asar ina tsince shinkafa, tana zaune kan tabarma tana jan carbi, sai ta ce, “Ke 'yar boko, kin san mi ka hana ni barci?”

Na ce, “Sauro, Kaka.”

“Sauron gidanku. In na mutu, ɗiyan ƙauyenmu za su gamu a birni su auri 'yan'uwansu ba su sani ba. Da munka watse, wa za a aika ma goro?”

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Da maigidana ya dawo na gaya masa. Shi malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare, mutum mai son a ce yau ga wani abu ya gyara. Nan take ya ce mu ɗauki muryarta a waya. Kaka ta ce sam. Akwai matan da suka shayar ba da sanin mazajensu ba, ba za ta bar muryarta tana yawo da asirin mutane ba. Na ce to in rubuta a littafi. Ya ce littafi gara za ta ci, kuma in mutane sun yi yawa, ta ina za a nemo mutum ɗaya? Shi zai haɗa mini 'yar manhaja a kwamfutarsa ta cinya.

Ya yi mako guda yana danne-danne. Da ya gama ya zaunar da ni ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce abin kashi biyu ne. Akwai rumbun bayanai, fayil guda tak da ke zaune a cikin kwamfutar, ba ruwansa da intanet, ko an ɗauke layin waya yana nan. Sannan akwai shafin da nake gani, inda zan rubuta sunan mutum, sunan ubansa, wadda ta shayar da shi, da wani ɗan fili na ƙarin bayani. Manhajar da ya rubuta ita ce ɗan aike tsakaninsu: ta karɓi abin da na rubuta, ta kai rumbu, ta dawo mini da amsa. In ya shiga, sai wani koren rubutu ya fito: An adana.

Abu biyu suka faru a ranakun farko, kuma duk halina ne ya jawo su.

Na farko, ni mace ce da ke kulle ƙofa in dawo in sake taɓa kwaɗon. Haka nake danna maɓallin adanawa sau biyu, wani lokaci uku, don in tabbatar. Maigidana ya duba ya ga mutum ɗaya ya fito sau uku, ya yi dariya ya ce, “Malama, kin haifa wa Kaka 'yan uku.” Sai ya sa wa rumbun doka: in sunan mutum da na ubansa sun riga sun shiga, kada ya sake karɓar irinsu.

Na biyu, wata safiya na buɗe manhajar sau biyu ban sani ba. Ina danna maɓalli sai shafin ya cika da jan rubutu na Turanci, layi a kan layi, komai ya tsaya cak. Turancina na sakandare bai ɗauki ko kalma uku ba. Na kira shi yana tsakiyar aji, ina kuka ina cewa na kashe kwamfutar da yake neman abinci da ita. Ya baro makaranta a kan babur cikin rana. Da ya duba ya ce ba komai ba ne, rumbun ne ke cewa a kulle yake, wani na ciki, wato ɗaya shafin da na bari a buɗe.

Na ce, “Malam, ni dai ba zan ƙara taɓawa ba. In jan abin nan ya sake fitowa zuciyata za ta buga.”

Ya kalle ni, ya ga idona ya yi jawur, ya ce, “Shi ke nan, ba za ki sake ganinsa ba.” Ya rubuta layi biyu ko uku, bai fi minti biyar ba. Ya ce na wucin gadi ne, in an yi hutu zai zauna ya tsara shi da kyau. Ya koma makaranta. Kuma gaskiya ya faɗa, ban sake ganin jan rubutu ba.

Muka shiga aiki ni da Kaka. Kullum bayan la'asar, kusan wata huɗu, tun ana girbin gero har sanyi ya kama. Gida-gida take bi, kamar tana tafiya a ƙauyen da ƙafarta. “To mun fito gidan liman, mu shiga gidan maƙera.” Ta faɗi suna, ta faɗi uba, ta faɗi wadda ta shayar, har da dalili. Wannan uwarsa ta yi zazzaɓi, wannan 'yan biyu ne nono bai ishe su ba. Wani lokaci ta tsaya a ƙofar wani gida ta yi shiru, na san mutanen gidan ba sa duniya. Sai ta share ido da gefen mayafi ta ce mu wuce.

Tana yi tana tsokanata. “Wanga allon Bature naku, kin tabbata shina riƙewa? Ni ban ga tawada ba.”

In juya mata fuskar kwamfutar in ce, “Ga shi, Kaka, kore. Ya ce an adana.”

“Ke kuma fa? Kina riƙewa?”

“Ni me zai sa in wahalar da kaina, ga mai riƙewa?”

Ta ce, “Uhm. Kan 'yar boko, kwando.”

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Ni tun ina shekara tara aka kawo ni Mafara karatu, don haka yawancin mutanen da take faɗi ban san fuskarsu ba. Sunaye ne kawai ke wucewa ta yatsuna. Hannu ɗaya a kan madannai, kunne ɗaya wajen tukunya, ido ɗaya kan yara. Na tuna ranar da ta iso kan Innarmu. Ta ce shekarar da aka yi ƙyanda, Inna ta rasa jaririnta, ƙanina da ban ma tuna kamanninsa ba, nono ya cika ta har yana zuba, ita kuwa duk yaron da uwarsa ta kwanta sai ta ɗauka. Yara bakwai Kaka ta lissafa. Na rubuta su ina hawaye, ina tunanin Inna, ba yaran ba. Kowanne kore ya fito.

Da azumi ya zagayo Kaka ta kwanta, kwana tara, Allah Ya karɓi abarSa. A wajen zaman makoki har alfahari na yi. Na riƙa gaya wa mata kada su damu, duk abin da ke kan tsohuwa yana cikin kwamfuta.

Bayan shekara biyu wani saurayi ɗan ƙauyenmu, na gidan maƙera, mai noman shinkafa a bakin dam, ya fara zuwa gaida mahaifina. Maraya ne, uwa da uba duk sun rasu. Yaro mai kunya, in ya zo gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kowa har awaki. Ƙanwata a lokacin tana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. Ita da tun tashin ƙauye ba ta cika magana ba, sai na fara jin tana 'yar waƙa in tana wanke-wanke. Yakan kawo shinkafa sabuwar girbi, ita kuma ta ce wai ba ta iya dafa ta kowa sai tasa. Mahaifina ya yi murna. Aka yi magana, aka kawo kayan gaisuwa, saura sa rana.

Cikin matan da suka kawo kayan akwai goggonsa. Ana cikin raha sai ta ce, “To, tsohuwa ba ta nan, amma kun bincika nono ko? Na ji an ce Innarku ta shayar da ɗaya cikin takwarori biyun nan, shi da mai irin sunansa, shekarar ƙyanda. Ni lokacin ina aure Dosara, ji kawai na yi. Ko shi, ko na gidan bakin rijiya.”

Na ce, da faɗin rai kuwa, “Goggo, wannan ai minti ɗaya ne.”

Na ɗauko kwamfutar a gabansu. Na rubuta sunansa da na ubansa. Mutum ɗaya ya fito, amma ba shi ba ne. Wani dattijo ne na gidan liman da ya rasu tun ina yarinya. Na sake nema. Shi ɗin dai. Na nemo waɗanda Inna ta shayar. Huɗu suka fito. Bakwai na rubuta.

Na ce wa matan wutar kwamfutar ce ta yi ƙasa, su bari sai Malam ya dawo. Ƙarya na yi musu, Allah Ya yafe mini. Ƙanwata tana bakin ƙofa da tiren ruwa, ita kaɗai ta kalli fuskata ta gane.

Maigidana ya dawo bayan azahar. Ya buɗe rubutun manhajar yana bi da yatsa, yana cewa ba yadda za a yi, ba yadda za a yi. Sai yatsan ya tsaya. Ya ɗauke hannu ya dafe kai. “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“Malam, mene ne?”

Ya ce layukan nan da ya rubuta ranar da na yi kuka, ma'anarsu ita ce: duk ƙorafin da rumbu ya yi, kowane iri ne, ɗan aike ya yi shiru, ya nuna kore. Bai bambance kuskuren kulle da sauran ba. Bai ma sa a rubuta ƙorafin a wani wuri don a duba daga baya ba. Ga kuma dokar da ya sa ta hana maimaita suna.

To ƙauyenmu ƙauyen malamai ne. Duk gidan da aka haifi namiji, sunan babban malamin da ya kafa garin ake fara sa masa, don neman albarka, in ba shi ba sunan kaka. Uba takwaran uba, ɗa takwaran ɗa. Da laƙabi muke rarrabewa: na gidan maƙera, na bakin rijiya, dogo, baƙi. Ni kuma laƙabin a filin ƙarin bayani nake sa shi, inda dokar ba ta dubawa. Maigidana ɗan cikin gari ne, wannan bai zo masa a rai ba. Ni da na sani, ban san akwai abin da zan faɗa ba.

Wato duk lokacin da Kaka ta faɗi takwara na biyu ko na uku, rumbu ya ce, “Ina da mai wannan suna, ba zan karɓa ba.” Ɗan aike ya juyo ya ce mini an adana. Ni kuma in juya wa tsohuwa fuskar kwamfuta in ce ga shi, kore.

Na ce, “To ka nemo su mana. Ai in abu ya ɓata a kwamfuta kuna dawo da shi.”

Ya ce, “Wanda aka goge ake dawowa da shi. Waɗannan ba su taɓa shiga ba.”

Ya ƙirga abin da ke ciki, muka gwada da yawan gidajen da muka bi ni da Kaka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Kaka ta faɗa babu. Hutu ya zo ya wuce sau shida bai koma kan layukan nan ba, don ba a taɓa kawo masa ƙara ba. Wa zai kawo ƙara, komai kore?

Daga nan sai na koma kan kwandon da Kaka ta faɗa. Na tuna zanen da ta ɗaura ranar. Na tuna miyar kuɓewa ce a wuta. Na tuna ta ce takwarori biyu ne aka haifa sati ɗaya tsakani, uwayensu duk suka kwanta, ɗaya Inna ta ɗauka, ɗaya matar mai unguwa. Wanne ne wanne? Na yi sallah na roƙi Allah Ya tuna mini. In na ce na gidan maƙera, sai in ji muryarta tana faɗin haka. In na ce na bakin rijiya, shi ma in ji. Ƙanwata ta riƙa zuwa ta zauna kusa da ni ta ce, “Yaya, ko kaɗan?” In girgiza kai.

Mahaifina bai sani ba, shekarar yana gabas wajen karatu, kuma maza ba su shiga wannan. Matar mai unguwa ta rasu. Ɗaya takwaran tun ranar tashin ƙauye ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko yana nan ma, jariri me zai tuna? Muka hau mota zuwa Damri wajen wata tsohuwa da ta rage. Muka gaisa, muka gaisa, ta ce tabbas na bakin rijiya ne Inna ta shayar. Ƙanwata ta matse hannuna har ya yi zafi. Da muka tashi tafiya tsohuwar ta riƙe mayafin ƙanwata ta kira ta da sunan Inna, tana tambayarta ya jaririn. A Maradun wata ta ce ita dai ta ga Inna da yaron gidan maƙera a cinya, amma ba za ta rantse a baki ta ga nonon ba.

Mahaifina ya tara mu a zaure, har da saurayin. Ya ce a shari'a wannan ba shaida ba ce da za a ce an haramta. In sun ce a ɗaura, ba zai ce sun yi zunubi ba. Amma shi zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma ba zai ɓoye musu ba. Ya ce su je su yi istihara.

Kwana bakwai ƙanwata ba ta ci abin kirki ba. Rana ta takwas ta haɗa kayan gaisuwar nan, ta ɗaure su yadda aka kawo su. Na ce ta dakata, Baba ai bai hana ba. Ta ce, “Yaya, in na haihu da shi fa? Kullum in kalli yaron in ce ko ɗan yayana ne? Ba zan iya ba.”

Saurayin ya zo sallama da yamma. Ta tsaya a tsakar gida da hijabi a hannu, ta juyo ta ce, “In sa, ko kada in sa?” Mahaifina daga zaure ya ce, a hankali, ta sa. Don haka abin ya zama: ba za ta aure shi ba ko da ɗan'uwanta ne, kuma ba za ta zauna da shi kamar ɗan'uwa ba ko da bare ne. Ta rasa miji, ba ta sami yaya ba. Ya gaida kowa yadda ya saba, har awakin, sannan ya tafi. Daga baya na ji ya sayar da gonarsa ya koma kudu.

Maigidana ya gyara manhajar cikin yini biyu. Yanzu kowane mutum lamba gare shi, ba suna ake dubawa ba. In an sami takwara sai ta tsaya ta tambaya da Hausa: akwai mai wannan suna, shi ne ko wani? In rumbu ya ƙi karɓa, ko don me ne, ja ke fitowa ya ce ba a adana ba, ga dalili, kuma ya rubuta shi a gefe. Kore ba ya fitowa sai ta koma ta karanto abin daga rumbun ta nuna mini. Aiki mai kyau. Ya kira ni in gani, na tsaya a bayansa, muka kalli shafin tare. Babu wanda zai faɗa mana abin da za mu rubuta.

Ban taɓa cewa laifinsa ne ba, shi ma bai taɓa cewa nawa ne ba. Tausayina ya ji. Ni na roƙa kada a nuna mini abin da zai tsorata ni, aka kuwa daina nuna mini. Abin da har yau nake kasa haɗiyewa ke nan. Na yarda da ƙaddara, na san abin da Allah bai rubuta ba ba ya yiwuwa. Amma jan rubutun nan da na yi wa kuka, shi kaɗai ne a gidan ya gaya mini gaskiya, ni kuma na sa aka rufe masa baki. Kuma ba ƙanwata kaɗai ba ce. Akwai sauran sunayen da ba su shiga ba, suna can Bakura da Sakkwato da inda ban sani ba, sun girma, suna aure. Duk bikin ɗan ƙauyenmu da na ji, gabana sai ya faɗi.

Ƙanwata ta yi aure daga baya, wani mutumin kirki a Bakura. Ba ma tada zancen. Waƙar wanke-wanke dai ban sake ji ba.

Da ta yi haihuwar fari na je zaman jego, ni ma ina goyo a lokacin. Kwana biyu nononta bai zo ba, jaririyar tana ta tsala kuka har muryarta ta dushe. Na miƙa hannu na ce ta kawo ta in ba ta nawa. Ta ƙara rungume 'yar a ƙirji. Ta ce, “Yaya, ɗauko takarda da biro tukuna. Ki kira maƙwabta biyu. Ki rubuta a gabana, ki karanta mini da ƙarfi.”

Yarinyar tana kuka, na fita neman biro.